Itatuwan da Ba Wanda Ya Dasa

Zuwa ga Kawu Ila, ƙanin mahaifiyata, wanda ke kwance a maƙabartar Matameye.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uba, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa ka amsa tambaya cikin sauƙi.

Shekara bakwai da wata uku ke nan rabona da gida. Sai da na ƙirga a yatsa kafin in rubuta, domin ka sha cewa ba abin da na iya ƙirgawa sai kwanakin da suka rage in tafi. Ina nan Tamanrasset ina ɗaukar bulo a shantiye, wato wurin gini, garin da in ka samu inuwa to ta bango ce. Yau wata biyar da rasuwarka. Ban zo jana'iza ba, ban zo sadakar uku ba, ban zo ta arba'in ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa nisan hanya ne kaɗai ya hana ni ba.

Da gangan na sa wasiƙar nan inda kowa zai karanta. A gaban jama'a na kai ka ƙara, saboda haka a gaban jama'a zan yi magana. Na san Habu, ɗan baffana, zai karanta ko a karanta masa. To ya gyara zama, akwai rabonsa a ciki.

Kawu, fushi nake yi. Kuma kai ma ba ka fita ba.

Ka tuna ranar da na ba ka aron gonar Baba, wadda ke bakin hanyar Ɗan Barto? A zauren mai unguwa aka yi, gaban shaidu biyu. Mai unguwa ya maimaita abin da kowa ya sani: mai aron gona ya shuka ya girbe, amma ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, domin wanda ya dasa itace yau, gobe ƴaƴansa za su ce ƙasar tasu ce. Ka ce ka ji. Har ka ƙara da cewa, "Wannan rairayin me za a dasa a ciki? Ƙadangare ma sai da guzuri yake ratsa shi." Aka yi dariya, aka yi fatiha, aka tashi.

Gaskiyarka ce, gonar ta mutu. Gawo bakwai Baba ya bari a cikinta, manya, amma biyar ka tarar. Biyun ni na kira masassaƙan turmi a ɓoye suka kayar, da kuɗinsu na hau mota zuwa Agadas. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka dai je ka tsaya a kan kututturen ka daɗe, ka dawo ka ce, "Sarkin Gaggawa, Allah ya kiyaye hanya." Sunan da ka laƙaba mini ke nan tun ina ƙarami, tun ranar da na tone gyaɗar da muka shuka da kwana uku don in ga ko ta fara fitowa.

Ƙanwata Barira ce ke ba ni labarin gonar a waya. Ta ce in bazara ta yi, maimakon ka sare duk tohon da ya fito ka cinna wuta kamar yadda iyaye suka saba sassabe, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka tsuguna, ka duba, ka zaɓi reshen da ya fi miƙewa ka bar shi, ka datse sauran, sannan ka ɗaura masa tsumma don mai neman itacen girki ya san da mai shi. Aski kake ce wa aikin. Ba kai ka fara ba, mutane da yawa a ƙasar Kance haka suke yi yanzu, amma ta ce ba wanda ya kai ka naci. Wai in ka ga akuya ta nufi ɗaya, har gaisawa da mutane kake katsewa.

A damina ta huɗu ta turo mini hoto. Wallahi ban gane gonar ba. Gawo ya zubar da ganye kamar yadda ya saba in ruwa ya sauka, gero kuwa a gindinsa ya yi baƙi ƙirin, ya fi na fili tsawo nesa ba kusa ba. Na nuna wa abokan aiki ina cewa gonata ce. Ban ce aikin kawuna ba ne. Gonata na ce.

Sai masu furoje, wato shirin raya itatuwa, suka zo. Yadda Barira ta faɗa mini, sun ce hayaƙin motoci da masana'antun duniya ne ya ƙara zafi ya rikita damina, itace kuwa yana zuƙe wannan iskar ya adana ta a jikinsa da saiwarsa, muddin ba a sare shi an ƙone ba. Wai akwai masu biya don a bar itace a tsaye. Suka zagaya da igiyar awo suna auna kugun kowane ɗaya, suka ƙirga ɗari da arba'in da biyu ban da manyan Baba. Suka tambayi wa ke kula da su. Ka ce kai ne. Aka rubuta sunanka.

Nan Habu ya kira ni. Har yau maganarsa na kunnena: "Kana can kana cin makaroni, kawunka ya cinye gonar ubanka da ƙaya. An ce kada ya dasa, ya cika ta da itace, yanzu ga takarda da sunansa."

Na kira ka. Ka bar ni na gama zuba, sannan ka ce, "Ban dasa ko ɗaya ba. Akuya ta ci ƴaƴan gawo ta yi kashi, Allah ya yi ruwa, ni aski kawai na yi musu. Je ka tambayi mai unguwa ko akuya ta karya sharaɗi." Da a nan ka tsaya, da wataƙila na yi dariya, maganar ta mutu. Amma sai ka ƙara: "Gona taka ce, ba wanda ya ce ba taka ba ce. Amma wanda ya sayar da gawon ubansa ya hau mota, ba zan rubuta masa jariran itatuwa ba."

A nan fushina da kai yake, Kawu. Kai ka rene ni. Ka fi kowa sanin inda ake taɓa ni in tashi. Shekara huɗu ka haɗiye maganar gawon nan, sai ranar da nake tsakiyar wuta ka ga damar jefo mini ita. Kuma me zai rage ka da shi in ka kira ni tun kafin a rubuta, ka ce ga abin da ake ciki? Kana da lambata. Girman kai ne, irin namu na gidan su mahaifiyata Dije, ni ma a wurinku na sha shi. Maganar taka gaskiya ce, na sani. Shi ya sa ta yi zafi.

Ban ce a kai wa mai unguwa ba. Ban ce a tara dangi ba. A ranar na sa aka rubuta takardar wakilci, na ba direban da ke sauka gida ya kai wa Habu, na ce ya wuce kotu kai tsaye.

Alƙali bai zalunce mu ba, wannan zan faɗa a gaban kowa. Shaida ɗaya ya rasu. Ɗayan ya koma Kurni, da aka kira shi ya ce shi dai an yi maganar dashe, bai ji an ambaci abin da ya tsiro da kansa ba. Kai ka ce ƙasa tawa ce, itatuwa naka ne. Habu ya ce itace ba a kan iska yake tsayawa ba. Alƙali ya ce tunda haka ne, kafin mai gona ya zo da kansa a bincika, za a cire ta daga hannun kowa a ba wani na uku ya riƙe. Sekestir suka kira abin da Faransanci, tafinta ya ce ajiya ce. Daga ranar ba kai ba ni, ba mai taka gonar sai in ɓangarorin biyu sun yarda.

Ranar da na ji hukuncin murna na yi. Na ce ai an ƙwace daga hannunka.

Akwai wani Mushe Lawali a nan, mutumin Tsauni, dā malamin lekkol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, yanzu tare muke kwaɓa siminti. Shi na nuna wa hoton takardar kotu da ta furoje. Ya ce kalmar nan sekestir ce a cikinsu duka, ma'anarta a ware abu a riƙe shi kada ya fita: kotu ta riƙe gona, itace ya riƙe hayaƙi. Ya ce likitoci ma suna faɗarta in jini ya taru wuri ɗaya ya ƙi zagayawa, haka in an kulle mutum a ɗaki ba bisa doka ba. Ya so ya ci gaba, ka san malamai, na ce masa ba darasi na zo ɗauka ba. Abin da ya kamata in tambaye shi, ban tambaya ba: in an cire hannun kowa, wa zai yi aski? Buhun gero ana kulle shi a ɗaki shekara biyu a buɗe a same shi. Abu mai rai ba ya ajiyuwa haka.

Malam Garba ladan aka ba riƙon, saboda ba danginmu ba ne kuma an shaide shi da amana. Takarda ta ce ya kula da gona da itatuwan da ke cikinta, ya noma, ya adana abin da aka girbe. To a wurin Malam Garba, itace shi ne wanda mutum zai zauna a inuwarsa. Abin da bai kai haka ba ƙaya ce. Da bazara ta yi ya ɗauko ƴan ƙwadago suka yi sassabe irin na dā, suka tara suka cinna wuta, don garmar shanu ta samu miƙaƙƙen layi. Waɗanda suka wuce tsayin mutum ya bar su, amma da rani wa zai tsare? Tsummokaran suka ruɓe suka faɗi. Mutane suka ce ai gonar kotu ce. Wannan ya sari reshe don tumakinsa, wancan ya ciri dirka, waccan ta yi itacen girki. Kuma ba baƙi ba ne, Kawu. Mutanen unguwarmu ne, masu gaishe ka da safe, waɗanda da kai ke ciki ko ƙaya ɗaya ba za su karya ba.

Amma dami ɗaya bai ɓata a hannunsa ba. Rumbu daban ya gina, ya sa kwaɗo, ya hana ko ƴaƴansa kusantarsa. Ban san yadda zan yi da mutum irin wannan ba. Ba zan kira shi ɓarawo ba, domin bai ci ko zangarniya ba. Amma da ma ya sace geron duka ya bar itatuwan, da na gode masa.

Barira ta ce kullum da hantsi sai ka je ka tsaya a bakin gambar da ta raba gonar da hanya, hannu a baya, ba ka tsallakawa. Ranar da aka sa garma ka ɗaga murya ka ce, "Kai mai shanu, kauce! Wannan da ka nufa ya girmi aurenka." Suka yi dariya, suka bi ta kansa. Ka je wurin Malam Garba, ya ce amana aka ba shi, ba zai saurari ɓangare ɗaya ba. Ka je kotu, aka tuna maka abin da takarda ta ce: in ɗan Dije ya yarda, ka shiga.

Wato magana ta dawo kaina.

A farkon damina ta biyu bayan hukuncin ka sa Barira ta danna maka waya, ka turo mini saƙon murya. Kai da ba ka taɓa roƙon kowa gishiri ba. Daƙiƙa goma sha ɗaya. Ka ce, "Sarkin Gaggawa, an yi ruwan fari jiya, tohon ya sake fitowa. Ka ce musu su bar ni in shiga yini ɗaya in yi wa yaran nan aski. Yini ɗaya kawai."

Ina zaune a kan tarin bulo lokacin hutun rana na ji shi. Sau uku na saurara. Sannan na kira Habu, ya ce in na yarda ka taka gonar, to na ba ka hujja ke nan, shari'a ta ƙare. Na mayar da waya aljihu na koma aiki.

Daga baya Barira ta gaya mini ka tambaye ta ko akwai yadda ake gane mutum ya ji saƙo. Ta ce maka babu. Ƙarya ta yi maka saboda ni. Akwai, Kawu. Na ji.

Habu kuwa, tunda yana karantawa. Sai bayan ka rasu na san cewa tun kafin ya kira ni ya riga ya yi magana da wani ɗan kasuwa mai neman fili a bakin hanya don ya gina sito. Shi ya sa duk zaman da aka sa sai ya nemi a ɗaga, yana jiran in gaji in ce a sayar. Habu, ba gonar ubana kake karewa ba, la'adarka kake karewa. Ka ci abinci a gidan Kawu sau nawa? Da wace fuska ka shiga sahun jana'izarsa? Amma ba zan ɗora maka abin da ba naka ba. Ba kai ka sa hannu a takardar wakilci ba. Ba aljihunka aka mayar da wayar ba.

Kuma alƙali sau nawa yana cewa mai gona ya zo. Na ce ba ni da takardu, in na sauka ba lallai in iya komowa ba. Gaskiya ne. Na ce maigida ba zai riƙe mini gurbi ba. Shi ma gaskiya ne. Amma babbar gaskiyar ita ce kunya: shekara bakwai, gawo biyu, in sauka a tasha da jaka ɗaya ka dube ni ka yi shiru irin naka. Na gwammace a ƙone gonar da in ga wannan shirun.

Ba zan ce itatuwan ne suka kashe ka ba. Likita ya ce hawan jini ne, kuma kwana ya ƙare. Na dai san inda ka yi hantsinka na ƙarshe kana tsaye.

Ga abin da na yi bayan ka tafi, ko da yake ya zo a makare. Na karɓe wakilci daga Habu na ba Barira. Na sa Mushe Lawali ya rubuta cewa na janye ƙara, kuma na yarda da abin da ka faɗa tun ranar farko: ƙasa tamu ce ni da Barira, itatuwa naka ne da iyalinka, ba mai sare ko ɗaya, har ni. Matarka Inna Rabi ta dangwala yatsa. Abin da ya ci damina biyu, zama ɗaya ya warware shi. Malam Garba ya miƙa mabuɗin rumbu, aka ce har da hawaye, yana tambaya ko akwai abin da ya rage. Masu furoje sun dawo sun sake ƙirgawa sun tafi. Kuɗin da muka yi wannan faɗan a kansu, har yau ba wanda ya ga launinsu.

Makon jiya Barira da Inna Rabi suka shiga gonar. Tsohuwar rigarka shuɗiya, mai facin nan a kafaɗa, ita suka yayyaga suka yi tsumma. Barira ta kira ni da hoto mai motsi, ta tsuguna a gaban wani kututture da ya fitar da toho biyar, ta ce in zaɓi wanda za a bari tunda ni ne babba. Na duba, na duba. Kawu, ban sani ba. Inna Rabi ce ta miƙa hannu ta kama ɗaya, ta datse sauran da addarka.

Tun ranar nake tuna shekarar da Dije ta rasu, da ka ɗauke mu ni da Barira ka kai gidanka. Ka saya mini takalmi da ya fi ƙafata, na yi ta kuka, ka ce in yi haƙuri ƙafar za ta iske shi. Haka kake da komai. Ni ina ganin abu yadda yake yau, kai kana ganin inda zai kai. Kuma ko sau ɗaya ba ka taɓa ce mini ɗan wani ba, sai ni na tsayar da kai gaban alƙali kamar baƙo.

Malamai sun ce haƙƙin mutum sai shi ya yafe. Kai kuwa ka tafi, ban ba ka yini ɗayan da ka roƙa ba. Ban san ƙofar da zan buga ba sai ta Allah.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Ila. Ka sanyaya makwancinsa fiye da gindin gawo da rani. Duk tsuntsun da ya sauka a itatuwan da ya rena, duk akuyar da ta ci ƴaƴansu, duk wanda ya huta a inuwarsu, ka kai ladan kabarinsa. Ka sa ya yafe mini ranar da za mu haɗu. Ka shirya Habu, ka saka wa Malam Garba gwargwadon niyyarsa. Ni kuma ka rage mini gaggawa a inda take cuta, ka ba ni ita a hanyar gida. Amin.

Ɗanka, Sani ɗan Dije,
wanda kake kira Sarkin Gaggawa.

Ka ce ban iya ƙirga ba. To ga abin da na tsira da shi.

Manyan gawon Baba biyar, an yi wa ɗaya ƙwal amma yana da rai. Cikin ɗari da arba'in da biyun da ka rena, ashirin da tara suna tsaye. Hamsin da uku kututture ne da suka sake toho, kowanne da tsumman rigarka. Sittin wuta ta ci har saiwa. Gero dami tamanin da huɗu, an kai wa Inna Rabi duka. Kuɗin mota daga nan zuwa Matameye, na zuwa kawai.

Da muryarka, daƙiƙa goma sha ɗaya.